Allon da Na Kafa a Bakin Kanal

Kura, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Allah Ya kai ku Legas lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya sa ki shiga sabon aikinki da ƙafar dama.

Za ki yi mamakin tarar da takarda a ƙasan akwatinki, alhali sati guda muka yi muna zaune a tsakar gida ɗaya. To, ubanki kenan. Na shekara fiye da ashirin a gaban aji ina surutu har maƙogwarona ya bushe, amma maganar da ta fi kowace nauyi ban taɓa iya furta ta a gidana ba. Ita ce a cikin takardar nan. Ta shafi rasuwar yayanki, kuma ta shafi aikin da za ki fara. Kada ki karanta a mota. Ki bari sai kin sauka, kin yi salla, kin sa wani abu a cikinki.

Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta iso, kin shigo gidan nan da gudu kamar ba matar aure ba, kina cewa, "Baba, na gaje ka! Makarantar 'ya'yan ƙasashen waje, kuma kimiyya zan koyar!" Innarki ta yi guɗa, maƙwabta suka shigo taya murna. Ni kuwa na ce Allah Ya sanya alheri, na ɗauki buta na fita. Na san kin lura, kuma na san kin ji zafi. Wallahi ba baƙin ciki nake miki ba. Tsoro nake ji kada ki gaje ni gaba ɗaya.

Kina ƙarama lokacin, bari in tuna miki yadda abin yake. Da aka zo haƙa kanal, injiniyoyi sun zo daga ƙasashe daban-daban da iyalansu, aka yi musu unguwa mai shinge a wajen Kadawa, aka gina wa 'ya'yansu makaranta mai ɗaki uku. Akwai 'yan Holan, da Indiyawa, da Misirawa, da 'yan Ingila. Ina koyarwa a sakandare aka neme ni, wai suna son malamin kimiyya ɗan ƙasa. Kullum da safe in hau Hondata in bi gefen kanal har ƙofar shingen, maigadi ya ɗaga mini ƙarfe. A can na fara riƙe madubin likita, mai nuna ƙananan halittu, wanda ba sai na jira layi ba, guda biyu ne ma, duka a hannuna. Kai, na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye miki ba.

Kuskurena na farko ƙarami ne, har za ki iya yin dariya. Innarki takan zuba mini dambu ko ɗumamen tuwo a kwano, ni kuwa in lokacin cin abinci ya yi sai in zagaya bayan ɗakin janareta in ci a tsaye, cikin hayaƙi, don kada a ga abin da nake ci. A nan nake yin sallar Azahar ma, a gurguje kamar ɓarawo. Na fi wata biyar a haka. Ran nan shugabar makarantar, wata dattijuwar Baturiya da muke kira Madam, ta zagayo neman mai gyaran wuta ta same ni da loma a hannu. Ta dubi kwanon ta ce ko zan ba ta ta ɗanɗana. Ta zauna a kan bulo ta cinye mini rabin dambuna, ta ce yaji ya yi yawa, ta ƙara wani cokalin. Ashe duk ɓuyan nan ni kaɗai nake yi da kaina, babu wanda ya kore ni. Saboda haka ranar da kika fara aiki ki tambayi inda za ki yi salla, da muryarki sosai, ba da raɗa ba. Abincinki kuma ki ci shi a tebur inda kowa yake ci.

Na biyu ya fi wannan muni. Akwai wata yarinya 'yar Holan a ajina, bakinta ba ya hutawa, irinki sak. Ta tambaye ni me ya sa belbela take wuni cikin laka amma ba ta yin dauɗa. Ban sani ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara tsayuwa na ƙirƙiro mata amsa da manyan kalmomi. Washegari ta dawo ta ce a gaban kowa, babanta ya ce ba haka ba ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Saudatu, yaran da za ki koyar iyayensu suna da littattafai a gida, ƙaryarki ba za ta kwana biyu ba. Ko da ba su da su ma, kada ki yi. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ku tashi ku je ku duba tare.

Abin da na yi kenan bayan wannan kunyar. Na fara fita da ajin bakin kanal kowace Laraba. Na sayi littafi mai baƙin bango ina zana duk abin da muka gani: tsuntsaye, kifaye, ƙwari, ciyawar ruwa. Daga aikin makaranta abin ya zame mini ciwo. Asabar da Lahadi ma ina bakin ruwa da kwalabe da rariya, musamman neman katantanwa, 'yan ƙananan nan da suke maƙale a ciyawar gefen kanal. Mutanen gari suka sa mini suna Malam Katantanwa. Ina jin haushi a fuska, amma a zuciya daɗi nake ji, don gani nake na san abin da ba su sani ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Akwai likita a unguwar injiniyoyin, muna shan shayi tare kusan kullum. Da ya ga kwalabena sai ya ce in ajiye su a rana na ɗan lokaci, sannan in ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubi. Na yi. Sai ga wasu 'yan halittu masu jela mai baki biyu suna ta wutsil-wutsil. Ya ce, "Malam, ka ga tsargiya da idonka." Kin san sauran, kin karanta a jami'a. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, su je su zauna a jijiyoyin mafitsara. Daga nan fitsarin jini. In aka bar su shekara da shekaru, wani sai su toshe masa hanyar ƙoda. Likitan ya faɗa mini wannan na ƙarshen ma, ban da uzurin cewa ban ji ba. Kin san abin da na ji a raina a ranar? Murna. Na zana halittar nan da biro kala uku. Na koyar da darasin da ban taɓa yin mai kyansa ba, yara suna layi a kan madubi suna ihu.

Madam ta ce a kafa allon gargaɗi a inda kanal ya bi ta bayan makaranta, ni zan rubuta. Na kawo katako da fenti gida, don yana bukatar kwanaki kafin ya bushe. Na zana yaro tsaye a ruwa har kugu, na ja masa jan layi biyu a gicciye, na zana katantanwa a ƙasa, na yi rubutun da Turanci. Ina cikin aikin a zaure yayanki ya shigo. Shekararsa goma sha biyu. Daga wanka a kanal yake, wandonsa yana ɗigar ruwa a kan daɓe. Na ce, "Kai, riƙe mini gwangwanin nan." Ya tsuguna ya riƙe mini har na gama.

Da muka shigo da allon tsakar gida don ya sha rana, Innarki ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Malam, wannan yaron fa, me ya yi aka soke shi?"

Na ce, "Na 'ya'yan Turawa ne. Fatarsu ba ta jure ruwan nan."

Wannan ce ƙaryar. A gabanta na yi, a gabansa na yi, hannuna duk jan fenti.

Na sha tambayar kaina dalili, kuma ba ni da amsa mai kyau, sai dai in gaya miki yadda abin yake. Kafin ruwan nan ya zo, da an gama girbi maza suke watsewa ci-rani, gari ya koma na tsofaffi da mata. Da kanal ya iso sai ga alkama, ga tumatir, ga shinkafa, kowa ya zauna a gidansa. Yayana, Baffanki Sale, shi ne mai raba ruwa a ɓangarenmu, mutum ne da ake tashi in ya iso. Wa zai miƙe a majalisa ya ce ruwan da ake gode wa Allah a kansa akwai cuta a ciki? Dama ana ce mini na zama Bature. Sannan ni kaina na yi fitsarin jini ina yaro, daga wankan kududdufi, ya zo ya wuce. Kin san yadda ake ɗaukarsa a nan, wai alama ce yaro ya fara zama namiji. Da safe ina cikin shinge na san cuta ce. Da yamma in na fito sai in koma ɗan garinmu, in bar sanin a can tare da alli.

Amma babban abin shi ne, yayanki ɗan farina ne. Tun da aka yaye shi yake sashen Baffanki, shi ke yi masa faɗa, shi ke ɗinka masa kayan salla. Ni ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake cewa, ko "yaron nan". Haka ubana ya yi wa Yaya Sale, haka ake yi, kuma ana yaba mini da cewa boko bai cire mini kunya ba. Ina jin daɗin yabon.

Bayan kamar wata biyu da kafa allon, muna zaune a ƙofar gida bayan La'asar, Baffanki ya ce yana dariya, "Malam, yaron nan fa ya fara jan fitsari, an kusa nema masa gona." Na ce a hankali, "Yaya, ko a kai shi asibiti?" Ya ce, "Haba Malam! Ka manta naka? Wa ya kai ka asibiti? Kuma kai da ɗan fari, yau kai ne da bin fitsarinsa? Ina kunyar taka?" Majalisa ta fashe da dariya. Ni ma na yi dariya, Saudatu. Na yi dariya na bar maganar, kuma ban sake tayar da ita ba.

Kada ki ɗora wa Baffanki laifi. Shi bai taɓa leƙa madubi ba, ni na leƙa. Maganin kuma yana nan a ɗakin likitan da nake shan shayi da shi, 'yan ƙwayoyi ne. Da na ɗora yaron a bayan Honda da safe ɗaya, shi kenan. A cikin shekarar ne 'yar Holan ɗin nan ta zame a bakin kanal, ruwa ya kai mata gwiwa kawai. Na sure ta, na goge mata ƙafa da rigata, na ruga da ita wurin likita ina haki. Iyayenta har gida suka aiko mini da godiya.

Shi kuwa yayanki da ya gama firamare ya ce gona yake so, ya bi Baffanki. Ba ki manta ba, babu wanda ya kai shi iya ban ruwa. Ya tsoma bututun nan na jan ruwa a kanal, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya wurga shi kan kunyar gona sau ɗaya ruwa ya kama zuba. Manya suna tsayawa kallonsa. Wuni yake yi a cikin ruwa, rani da damina, shekara bakwai. Ni kuma ina wucewa a kan babur kullum da safe, ina ganinsa, ya ɗaga mini hannu, in ɗan gyaɗa kai in wuce.

Kina makarantar kwana lokacin da ƙafafunsa suka fara kumbura, sannan fuska, sannan fitsari ya ɗauke sai ɗan kaɗan. Ni da Baffanki muka kai shi asibiti a Kano. Bayan gwaje-gwaje likita ya zo bakin gadon ya ce tun yaushe yake fitsarin jini. Baffanki ya ce, "Ai tun yana yaro, likita, irin na samari." Likitan ya girgiza kai, ya ce ƙodojin duka biyu sun lalace, da an zo shekarun baya da abu ne mai sauƙi. Ya juyo ya dube ni, ga biro a aljihuna, ga agogo. Ya ce, "Kai ne mahaifinsa? Aikin me kake yi?"

Na ce, "Manomi ne."

Yayanki yana ji. Da likita ya tafi, Baffanki ya fita alwala, muka rage mu biyu. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Baba, ashe ba fatar ba ce."

Bai faɗa da fushi ba, da ya yi fushi ma da na fi samun sauƙi. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Sannu." Kwana tara muka yi. Ya cika ranar Litinin bayan Azahar, kansa a kan cinyar Baffanki, ni ina tsaye a ƙarshen gado kamar ɗan dubiya. Aka je aka ɗauko ki daga makaranta aka ce miki ciwon ƙoda ne, kwana ya ƙare. Ba a yi miki ƙarya ba, amma ba a gaya miki duka ba.

Na san ajali na Allah ne, ban taɓa jayayya da wannan ba, kuma kada ki yi. Amma abin da Allah Ya sanar da ni na ɓoye, ni za a tambaya. Shekara biyar kenan ban yi sallar da wannan bai faɗo mini a rai ba.

To ga abin da nake roƙonki. Makarantar da za ki je ita ma tana da shinge da maigadi, na tabbata. Za ki so yaran, kuma ki so su, amana ce, ki koyar da su da dukkan ƙarfinki. Amma duk abin da kika faɗa da Turanci da safe, in ya shafi ran mutum, ki maimaita shi da Hausa da yamma. Ki gaya wa mai sharar ajinki, ki gaya wa maƙwabciyarki, ki gaya wa dangin mijinki ko da za su ce kin cika iyayi. Za su yi miki dariya, na sani. Ki bar su su yi, ki sake faɗa. Ni dariyar majalisa ɗaya na guje wa.

Ki kula da son aikin ma. Kina da irin idona, na gani tun kina tara fara a gwangwani kina hana Innarki sakat. In kika ga abu mai ban sha'awa a ƙarƙashin madubi, kafin ki ɗauki biro ki tambayi kanki a jikin wa wannan abin yake zaune yanzu haka.

In kuma Allah Ya ba ki haihuwa, ban ce ki zubar da kunya ba, tarbiyyarmu ce kuma tana da kyau. Ki yi ta a wurin suna, ki yi ta a gaban surukai. Amma ranar da ɗan farinki ya yi zazzaɓi, ki ɗauke shi da hannunki, kowa ma ya gani.

Injiniyoyin sun tafi, an rufe makarantar, ni ma ban sake koyarwa ba sai ɗan noman da kika sani. Allon yana nan inda na kafa shi. Rubutun ya koɗe, jan layin ya goge, sai hoton yaron a cikin ruwa. Makon jiya na bi ta wurin, na tarar yara sun rataye rigunansu a jikinsa suna wanka.

Jiya da hantsi, kin tafi sallama da ƙawayenki, na samu Innarki tana tankaɗe na zauna na gaya mata duk abin da na rubuta miki a nan. Ba ta daina tankaɗen ba har na gama. Sannan ta ce, "Malam, na sani. Tun ranar da ƙafarsa ta fara kumburi hoton nan ya dawo mini. Ban yi boko ba, amma ina da ido." Na ce to me ya hana ta yi mini magana duk shekarun nan. Ta ajiye rariyar ta ce, "Ni ma ai ɗan farina ne. Ni na fara ganin jinin a wandonsa, wata guda kafin Yaya ya gani. Na wanke na yi shiru." Muka zauna muka yi kukan da ba mu yi ba ranar da aka kai shi makwancinsa.

Na sayo katako da fenti. Wannan karon da Hausa zan rubuta, boko da ajami. Na kuma je wurin Liman, ya yarda in yi magana bayan an idar da sallar Juma'a, jibi kenan, lokacin kuna kan hanya. Ba zan ce a bar ruwa ba, da shi muke ci. Zan ce a daina fitsari a kanal, duk yaron da ya ga ja a kai shi asibiti, kuma zan faɗi wanda na rasa da yadda na rasa shi. Baffanki zai zauna a sahun gaba kamar kullum. Ban san yadda zai ɗauka ba, amma zan miƙe in sha Allahu.

Littafin nan mai baƙin bango yana ƙarƙashin takardar nan, na ba ki. Akwai abin amfani a ciki, tsuntsayen ma sun isa darasin zango guda. Shafin da na zana da biro kala uku kada ki yage shi. In bayan kin karanta wannan kin ji ba za ki iya rubuto mini ba, ba zan ga laifinki ba, yayanki ne, shi yake goya ki ya kai ki kallon ruwa. Amma ki rubuto wa Innarki. Zan karanta mata yadda kika rubuta, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Ki gaida maigidanki, ki ce na ba shi amana. Allah Ya tsare ku a can, Ya kare ku daga ciwo da sharrin mutane, Ya sa ki fi ubanki ƙarfin zuciya, Ya dawo mana da ku lafiya. In kin yi salla ki sa yayanki a addu'a da sunansa. Ni ban taɓa kiransa ba yana raye, ko a gadon asibiti, ko a bakin kabari. Bari in rubuta shi yau, tunda ba zai ji ba balle in ji kunya.

Auwalu. Ɗana Auwalu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Isa